Karen Bana Shi Ke Maganin Zomon Bana: Tarihin Horon Kare a Ƙasar Magariya da Dungas

Yau za mu taɓo maganar da ba a cika kawo ta zaure ba, wato maganar kare. Mun san wani zai ce, duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin tattaunawa sai kare? To, a yi haƙuri a ji. Daga Sasumburum har Mallawa, da wuya ka samu mai gari ko mai unguwar da bai taɓa zama kan ƙarar kare ba: ya ciji yaro a hanyar makaranta, ya kashe ɗan akuyar maƙwabci, ya bi mai kabu-kabu har ya kifa. Irin wannan ƴar magana ce ke raba zumuncin shekara talatin, wani lokaci ma ta ci rai. In aka bi diddigi kuwa, sau da yawa za a tarar an koya wa karen kalmar tashi, amma ba wanda ya koya masa kalmar tsayawa.

Kakanninmu sun zaɓi abin da suke koya wa kare gwargwadon ƙasar da suka samu kansu a ciki. Ƙasar nan ta canza ƙwarai cikin shekara ɗari da ƴan kai, mu kuwa da yawanmu muna nan riƙe da rabin tsohon karatun. Bari mu bi tarihin daki-daki, sannan mu zo kan kalmomin da ya kamata mu zaɓa yau.

LOKACIN DA DAJI KE NAN

Wanda ya tashi ya ga gona na haɗe da gona daga Bande zuwa Wacha, da ƙyar zai yarda a da akwai dajin da mutum ke shiga da fargaba. Amma tarihin garuruwan ƙasar Hausa da dama da maharbi yake farawa: shi ke fara shiga, ya gano ruwa, ya kafa bukka, daga baya manoma su biyo sawu. Gabashin yankinmu tsohuwar ƙasar Sosebaki ce, Wacha da Dungas na cikin manyan garuruwanta, kuma a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, tana ƙarƙashin ikon Damagaram. Ta yamma kuma, bayan jihadin farkon ƙarni na 19, tsohon gidan sarautar Daura ya yi zaman hijira a wannan yanki, shi ya sa har gobe Magariya da Yekuwa ke da zumunci da Daura da Zango da Baure. A wancan zamani na yaƙi da hari, mutane kan taru ne kusa da ganuwa, su bar tsakanin gari da gari ga barewa da gada da kura da dila.

Farauta iri biyu ce a wajenmu. Akwai ta maharbi, mai tafiya shi kaɗai da kwari da baka, daga baya bindigar toka, wani ma ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe har ya kusanci nama. Wannan bai cika son kare ba, don haushi ɗaya ya isa ya ɓata masa wahalar yini. Sai kuma farautar gayya, wadda ake fita bayan an kawar da amfanin gona, daga lokacin ɗari zuwa bazara. Sarkin dawa ya sa rana, a buga ganga, samarin ƙauyuka su fito da gora da adda da barandami, kowa riƙe da igiyar karnukansa. A nan ne kare ke da daraja. Ana raɗa masa suna, Duna ko Zaki ko Damisa, ana ɗaura masa laya a wuya, har kirari ake yi masa.

Me ake koya wa wannan karen? Abu huɗu ne. Na farko ya san sunansa da fiton ubangidansa, ko da karnuka nawa ne ke gudu a fili ɗaya. Na biyu ya haƙura da igiya har sai an sake shi, kar ya tada zomo tun mutane ba su ja daga ba. Na uku in an cuna shi ya bi, ya kama. Na huɗu, kuma shi ne mai wuya, in ya kama ya saki idan mai shi ya iso. Ba wata makaranta ake kai shi ba. Kwikwiyo kan bi tsohon kare ne ya ga yadda ake yi, ladansa kuwa nan take, don da an feɗe nama kayan ciki nasa ne. Bahaushe ya daɗe da sanin kare ba ya aiki kan alkawari, shi ya sa ya ce: an ce da kare ana biki a gidanku, ya ce mu gani a ƙasa.

Kalmar saki ɗin nan ba don nama kawai aka riƙe ta ba. Duk wanda ya san farautar gayya ya san rigimar da ke tashi kan karen wa ya fara kamawa. Zomo guda na iya sa ƙauye biyu su yi shekara ba sa gaisawa. Mafaraucin da zai iya kiran karensa ya dawo a tsakiyar hayaniya, shi ke kashe wutar tun ƴan tauri ba su zaro wuƙa ba.

A ruga kuma karatun daban ne. Fulani da Buzaye ba gudu suka fi buƙata daga kare ba, kunne suke so da haushi. Kwikwiyo na tashi cikin ƴan tumaki da maruƙa, ya saba da warinsu, ya ɗauke su nasa, in dare ya yi kura ko dila ko ɓarawo ya matso shi zai fara ji. A arewa maso yammacin ƙasarmu ta Nijar ma akwai doguwar zuriyar nan ta kwarin Azawak, mai gudu da gadi a haɗe, wadda aka fara kaiwa Turai a farkon shekarun 1970, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta shigar da ita cikin jerinta a 2019. Abin da muke gani a bakin zango ba ma ko waiwaye, can kuɗi ake sawa a saye shi.

ABIN DA KE CIKIN KARATUN ZAURE

Ba kowa ya lura ba, amma maganar horon kare tana cikin littattafan da malamanmu ke karantarwa. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida an halatta cin abin da dabbar farauta mai horo ta kama wa mai ita, in an ambaci sunan Allah. Hadisin Adiyyu ɗan Hatim da ke cikin Buhari da Muslim ya faɗaɗa bayanin, har da hukuncin wanda ya tarar da wani kare daban tare da nasa a kan nama. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, littafin da ba baƙo ba ne a zaurukan Magariya da Dungas, ta kawo hukuncin farauta a babin layya da yanka.

Sai malaman fiƙihu suka tambaya, wane kare ne za a kira mai horo? Amsar da aka fi sani ƙafa biyu gare ta: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Malaman Shafi'iyya da Hanafiyya sun ƙara da cewa kar ya ci daga abin da ya kama, a mazhabar Imamu Malik da muke bi kuwa wannan ba sharaɗi ba ne a mashahurin zance. Kuma in kare ya tashi da kansa ba wanda ya tura shi, ya kashe nama, ba a ci. Kun ji ko? Kare biyu ne, haƙori iri ɗaya, zomo iri ɗaya, amma na mai horo halal ne, na marar horo mushe. Malamai kan kafa misali da wannan in suna nuna falalar ilimi.

Hadisai sun ambaci dalilai uku na riƙe kare: farauta, gadin dabbobi da gadin shuka, wanda ya riƙe shi haka kawai kuma ladansa na raguwa kullum. Gadin gida fa? Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Da aka tuna masa Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, abin da ya fi kare ma zai ajiye. Sai dai izinin na tafe da nauyi: a fiƙihun Malikiyya, mai kare mai cizo in an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, ɓarnar da karen ya yi tana wuyansa.

YADDA DAJI YA ƘARE

Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka dasa alamomin iyaka tsakanin ƙasar da Faransa ta riƙe da wadda Ingila ta riƙe, Magariya da Dungas suka faɗo arewa, Babura da Maigatari da Babban Mutum suka faɗa kudu, duk da dajin ɗaya ne, mutanen ma ɗaya. Da hare-hare suka lafa, jama'a suka fito daga bayan ganuwa suka bazu, ƙauyuka suka yi ta tsira. Sai gyaɗa ta zo. Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren gyaɗa na Nijar, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta, har masana'antar matse mai aka yi a garin. Duk inda gatari zai iya shiga aka sare, aka shuka.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, shekarar da dattawanmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, suka ƙarasa abin da ya rage na manyan namun daji. A shekarun 1970 gwamnati ta rufe farauta a ƙasa, daga baya aka zo da doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji, ta sa ana neman izini, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa. Ma'aikatan gandun daji ne ke kula da wannan.

Mutane kuma sai ƙaruwa. A 2011 aka cire Dungas daga Magariya ta zama gunduma mai zaman kanta. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 570,000 a gundumar Magariya, sama da 350,000 a ta Dungas, wanda ya sa yankinmu cikin mafi cunkoso a Nijar. Gaskiya ne itatuwa sun dawo. Tun tsakiyar shekarun 1980 manomanmu suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu, har binciken 2006 ya ƙiyasta kusan hekta miliyan ɗaya da suka farfaɗo a Magariya da Matamaye da Mirya, abin da duniya ke zuwa kallo. Amma wannan gawon a gona yake, kowane da mai shi, a ƙarƙashinsa kuma akwai akuyar wani da kajin wata da yaron da aka aika kai fura.

To a nan matsalar take. Karen da aka koya wa bin duk abin da ya motsa, a da barewa zai gani. Yau ɗan tunkiya zai gani, ko babur, ko ƴar talla da ta tsorata ta zura da gudu. Aikin yawancin karnukanmu ya koma gadi: gadin lambun rake da rogo a fadamun Korama, gadin rumbu, gadin turken raguna da ake kiwo don kasuwar Maigatari, gadin gida a cikin gari. Aiki ya sauya, kalma ba ta sauya ba. Mafarauta na gaskiya sun ragu, amma "kama shi!" ta rage a bakin yara, suna cuna kare ga jaki ko mahaukaci ko almajiri don dariya.

YADDA WASU SUKA ZAƁI NASU

A shekarar da Faransawa suka shiga Damagaram, 1899, birnin Gent na ƙasar Beljiyam ya fara horar da karnuka don sintirin ƴan sanda. A 1910 wani Bajamushe, Konrad Most, ya wallafa littafin horon karnukan aiki da aka daɗe ana bi. A 1916 aka buɗe makaranta a Oldenburg ta Jamus don koya wa karnuka yi wa makafi jagora, saboda sojojin da yaƙin duniya na farko ya makantar. A Namibiya tun 1994 ake ba makiyaya manyan karnukan gadi ƴan asalin Turkiyya, su tashi cikin garke, don namun daji su daina cin awaki, makiyaya su daina kashe namun dajin. A 2018 masana daga Ingila suka bayyana gwajin da suka yi da safar ƙafar ƴan makaranta na Gambiya, inda karnuka masu horo suka gane kusan 70 cikin 100 na yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta wari kaɗai. Kowa ka duba, buƙatar gabansa ya kalla kafin ya zaɓi abin da zai koyar.

Ƙwaƙwalwa kuwa akwai ta. Wata karya a Amurka mai suna Chaser ta riƙe sunayen kayan wasa 1,022, aka wallafa sakamakon a 2011. Mu da ke neman kalma shida ko bakwai, ai ba mu nemi da yawa ba. Salon horon ma ya sauya. Na farkon ƙarni na 20 ya dogara da fizga da tilas, yau an fi komawa ga lada nan take, wato abin da mafarautanmu ke yi da kayan ciki tun tale-tale. Wani bincike da aka yi a Porto ta ƙasar Fotugal, aka wallafa a 2020, ya nuna karnukan da ake horarwa da tsawa da fizga sun fi nuna alamun tsoro da damuwa. Kare mai tsoro kuwa shi ke cizo ba sallama.

ABIN DA YA FI ASARAR AKUYA

Akwai dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da fizge-fizge, kusan ba mai tashi. Alhali tun 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa ya rayu, shi ya sa ake tuna cutar duk 28 ga Satumba, ranar rasuwarsa. Masana sun ce in aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, cutar na yankewa.

Ina haɗin wannan da horo? Allura ba ta shiga karen da ba ya kamuwa. Sau nawa likitan dabbobi zai zo, mai kare ya yi ta kira, karen na can bayan danga yana kallonsa? Karen da ba ya amsa kira, ba ya yarda da igiya, ba a iya taɓa wuyansa, ba zai samu rigakafi ba ko kyauta ake yi. Kuma in tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin cizon da sabulu da ruwa mai yawa minti 15, a tafi gidan likita ranar, kar a tsaya shafa gashin karen ko toka. Karen kuma a tsare shi ana lura da shi kwana 10, a sanar da ma'aikatan kiwo.

KALMOMIN DA YA KAMATA MU ZAƁA

Kafin ka koya wa karenka wani sabon abu, fara tambayar kanka: wane aiki na ajiye shi ya yi, kuma wa zai iya cutarwa in ya yi kuskure? Amsar ita za ta ba ka kalmomin. Ga waɗanda muke ganin kowane kare a yankinmu na buƙata, bi da bi.

Ta farko "zo", haɗe da sunansa. Ita ce uwar sauran. A fara a cikin gida, taki biyu ko uku, ka kira sau ɗaya, ya iso ka ba shi ɗan ƙuli-ƙuli ko ƙanzo nan take. Sannu a hankali a ƙara nisa, a fita ƙofar gida da doguwar igiya, sannan gona. Doka ɗaya ce ba a karya ta: kar ka taɓa kiran kare ya zo sannan ka doke shi. Ranar da ka yi haka, ka koya masa cewa zuwa wurinka haɗari ne.

Ta biyu "bari", wato kar ka taɓa, da ƙanwarta "saki", wato ajiye abin da ke bakinka. Ka rufe abinci a tafin hannunka, ya yi ta shinshina, da ya janye hanci ka ce "bari", ka ba shi wani daga ɗaya hannun. In ta zauna, a gwada da kaza, da ɗan akuya, yana cikin igiya. Wannan kalma ce ke tsare dabbar maƙwabci, ita ce kuma ke hana shi cin mushe ko abin da aka sa wa guba.

Ta uku "tsaya". A bakin zaure, a bakin titi, lokacin da garke ke wucewa a burtali. Ka haɗa ta da ɗaga tafin hannu, don in nesa ta yi ko iska na kaɗawa, ido ya ga abin da kunne bai ji ba.

Ta huɗu "koma", wato ya tafi makwancinsa ya kwanta. A ware masa wuri guda mai inuwa da kaskon ruwansa na kansa, nesa da randa da madafa da wurin salla. Baƙo ya yi sallama, almajiri ya shigo, mai talla ta leƙo, kalma ɗaya ta isa. Wannan ta warware rabin damuwar tsarki da iyayenmu mata ke kuka da ita.

Ta biyar "ya isa". Ba a hana mai gadi haushi, don shi aka ajiye shi. Abin da ake so ya sanar, ka fito ka gani, ka ce ya isa, ya yi shiru. Karen da ke haushi dare farai ba dalili, ranar da ɓarawo zai zo ba wanda zai tashi.

Ta shida ba kalma ba ce, sabo ne: ya yarda da igiya, ya yarda a taɓa masa kunne da ƙafa da wuya, har takunkumi in ta kama. Daga wata uku ake fara yi masa allurar hauka, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya ce.

Bayan waɗannan sai kowa ya ƙara ta aikinsa. Mai lambu ya riƙa zagaya iyakar lambun da shi safe da yamma har ya san inda nasa ya tsaya. Makiyayi ya sa kwikwiyo ya kwana cikin garke tun yana ƙarami. Mafarauci mai izini, shi ne mai hurumin "kama", shi ma bayan "zo" da "saki" sun zauna. A cikin gari kuwa, "kama" kalma ce da ya kamata mu janye daga bakin yara gaba ɗaya.

Wajen koyarwa, a riƙe ƴan abubuwan nan. Kalma ɗaya ga aiki ɗaya, kuma duk gidan su yi amfani da ita, kar maigida ya ce "zo", uwargida ta ce "taho", yara su ce "yaka". Kalma ɗaya a lokaci guda, sai ta zauna a ɗauko wata. Minti biyar da sanyin safiya da minti biyar da yamma sun fi awa guda a tsakar rana. Lada ya biyo bayan aiki nan take, in aka jinkirta bai san na mene ne ba. Kuma makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, daga na 3 zuwa wajen na 12, su ne lokacin da yake sabawa da duniya: ya ga yara, ya ga tsofaffi, ya ji ƙarar babur da amalanke, ya zauna kusa da awaki. Babban kare ma yana koyo, sai dai ya fi cin haƙuri. Yaranmu su ma a koya musu nasu: kar su jefi kare, kar su taɓa shi yana ci ko karya na shayarwa, in ya taso musu su tsaya cak, kar su gudu.

Dattawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Haka ma ba ranar da ya ciji ɗan maƙwabci ake fara koya masa "bari" ba. Malamanmu sun ajiye mana ma'auni tun fiye da shekara dubu, a tura ya tafi, a tsawata ya tsaya, mafarautanmu na da kuma sun riƙe duka biyun. Zomon bana shi ne cunkoson gari da dabbar maƙwabci da ciwon hauka, karen da zai yi maganinsa kuwa shi ne wanda ke jin kira. Masu gari da limamai da sarakunan dawa, muna roƙon a sa wannan magana cikin faɗakarwa, wanda ya ji kuma ya isar wa mai kare na kusa da shi.

Allah ya tsare mana yaranmu da dukiyarmu, ya zaunar da Magariya da Dungas da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.